Wa Ya Bugi Alƙali?

Ƙarar ta fito ne daga bayan bishiyoyin da ke hannun dama. An ji ƙwas, sai wani ɗan gajeren nishi irin na mutum, sai shiru.

Birki ya sandare a inda yake, sandar golf, wato ƙwallon lambu, a hannu, ƙafarsa ta dama a karkace cikin laka inda santsi ya ja ta lokacin da ya kai bugu. Ya ga tashin ƙwallonsa, ya ga ya baro hanya ya nufi bishiyoyin, daga nan bai sake ganinsa ba.

"Ka yi ihu?" in ji Dogo.

"Wane ihu?"

"Ihun da na koya maka. In ƙwallo ya kauce, ka ɗaga murya mutane su sunkuya."

"Ba kai ka ce ba kowa a filin ba?"

Suka yar da jakunkunan sanduna suka kwasa da gudu, ruwa na fantsama har ƙugu.

Birki makarantar koyon tuƙi gare shi, a can ya samo wannan suna, don ɗalibi bai isa ya taka mai ba tare da ya ji "birki, birki" a kunnensa ba. Duk shekarun da ya yi a kan titi ko kaza bai taɓa bugewa ba, kuma yana faɗa wa duk mai son ji. Dogo kuwa, abokinsa tun suna firamare, mai sayar da tayil, gajere ne kamar turmi, shi ya sa aka laƙaba masa Dogo. Shi ne ɗan kulob ɗin golf mai wannan fili. Shi ya kira da sassafe bayan an kwana ana sheƙa ruwa, ya ce yau ce ranar koyo, ba wanda zai fito, ba mai ganin abin kunya.

Sun sami mutum kwance a rigingine a gindin wata ƙatuwar bishiya. Tsoho ne fari fat da furfura, hularsa ta yi gefe, sandarsa ta yi gefe. Saman girarsa ta hagu ya fashe, jini na gangarawa cikin kunne, wurin har ya fara tasowa. Kusa da kansa, ga ƙwallo ya nutse a laka, baƙi ƙirin da taɓo.

Dogo ya dafe kai. "Mun shiga uku. Ka san ko wane ne wannan? Tsohon alƙali ne. Kullum shi kaɗai yake zagayensa, ko da ruwa ko da rana."

Birki ya durƙusa ya kara kunne a bakin tsohon. Akwai numfashi, sama-sama. Ya ciro tawul ɗin goge sanda daga ƙugunsa, ya naɗe gefen da bai ɓaci ba ya danne raunin.

"Baba. Baba, kana ji na?"

Tsohon ya yi wani gurnani, bai buɗe ido ba.

Dogo ya waiga gabas da yamma, ya sunkuya ya ƙwaƙulo ƙwallon da lakarsa da komai, ya cusa a aljihun wandon Birki.

"Me kake yi haka?"

"Harafin sunanka na jiki, da hannuna na rubuta maka da safe. Ka saurare ni da kyau. Santsi ne ya kwashe shi ya bugi saiwa. Muna wucewa muka gan shi. Abin da ya faru ke nan."

"Dogo, mutum zai mutu kana..."

"Shi ya sa nake faɗa maka tun yanzu."

Suka kira ofishin kulob, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Mota kuma ba ta isa ta shigo wannan taɓo ba. Birki ya juya baya ya ce a ɗora masa shi. Tsohon ba shi da nauyi a ido, amma da suka miƙe sai ya ji kamar buhun siminti ya goya. Ɗan rafin da ke ratsa filin, wanda a da ake tsallake shi da taku ɗaya, ya cika ya shanye gadar katako. Suka shiga ruwan haka nan, Dogo na gaba yana lalube da ƙafa, ruwa ya kai masa ciki. Takalmin Birki na hagu ya maƙale a ƙasa, ya zare ƙafarsa ya bar shi can. Duk takun da ya yi, ƙwallon nan na dukan cinyarsa ta cikin aljihu.

Motar makarantar Birki suka zo da ita, mai allon ɗan koyo a gaba da baya. Dogo ya shiga baya ya rungume kan tsohon. Birki ya tayar, ya fizge ta. Ya tsallake jar danja a gaban ɗan sanda, ya bi hannun da ba nasa ba a shataletale, ya watsa wa masu jiran bas ruwan kwata. Wani direban tasi ya leƙo yana zagi, yana tambaya wane jahili ne ya koya masa tuƙi.

"Ashe motar nan tana gudu," in ji Dogo daga baya.

A asibiti aka kawo gadon turawa aka karɓe shi. Wata nas mai gilashi ta ɗaga tawul ɗin ta duba, ta dube su.

"Me ya same shi?"

"Faɗuwa ya yi, Sista," in ji Dogo. "Santsi."

"Faɗuwa," ta maimaita, tana kallon kumburin da ya zagaye kamar an auna da murfin kwalba. Ta dubi Birki. Shi kuma ya dubi ƙafarsa marar takalmi. Ta zaro wayar tsohon daga aljihunsa ta ce za su kira iyalinsa, aka tura gadon aka rufe ƙofa.

Suka zauna a bencin jira, laka na bushewa a jikinsu tana tsattsagewa. Mai shara ta zo ta goge sawunsu, ta harare su, ta wuce. Birki yana ta lissafin abin da ke gabansa. In tsohon nan ya cika, shi ne ya kashe shi, ko an sani ko ba a sani ba. Ya ga an cire allon makarantarsa, ya ga matarsa da 'yan matansa a bakin ofishin 'yan sanda da kwanon abinci. Ya sa hannu a aljihu ya taɓa ƙwallon, ya yi maza ya cire hannun.

Wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Baban yara, kun gama ƙwallon lambun naku? Ka ci Dogo kuwa?"

"Muna nan dai."

"Ai na ce maka mai hankali ba ya shiga ciyawa bayan ruwa irin na jiya. In za ka dawo ka biya ka ɗauko tukunyar gas, ta ƙare ina tsakiyar girki. Lafiya na ji muryarka haka?"

"Lafiya lau. Sanyi ne."

Da ya kashe, Dogo ya matso. "Ga kwandon shara can. Je ka kamar za ka zubar da takarda."

"Ba zan iya ba."

"To ba ni in je."

"Bar shi inda yake."

An daɗe kafin likita ya fito yana cire safar hannu. Ya ce an yi ɗinki, an ɗauki hoton kai, ƙashi bai tsage ba, jini bai taru a ciki ba. Tsohon ya farfaɗo, har ya fara yi wa ma'aikata faɗa a kan allura. Yana neman wanda ya goyo shi.

Birki ya sauke wani dogon numfashi, ya miƙe. Dogo ya riƙe masa gefen riga.

"Ya rayu, magana ta ƙare. Ka gaishe shi mu tafi. Kada ka ƙara ko kalma ɗaya, don girman Allah."

Tsohon na jingine da matashi, an naɗe masa kai da bandeji, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Ɗayan kuwa tar yake, irin idon da ya saba kallon mutane daga sama.

"Kai ne dokina?" ya ce. "Sannu. Allah ya yi maka albarka."

Birki ya rusuna a gefen gadon. Ya yi niyyar gaisuwa kawai, sai ya ji hannunsa ya shiga aljihu da kansa. Ya ajiye dunƙulen lakar a kan farin zanen gado.

"Baba, kada ka sa mini albarka tukuna. Ni na buge ka. Ƙafata ce ta zame, ƙwallon ya kauce, kuma ban yi ihun da ake yi ba. Ga shi nan, a gefen kanka muka tsince shi."

A bakin ƙofa Dogo ya rufe fuska da tafin hannu.

Tsohon ya dubi ƙwallon, ya dubi Birki. "Daga ina ka buga?"

"Daga inda ake fara bugu, can hayin rafi."

"Tun yaushe kake wasa?"

"Ban daɗe ba, Baba. Koyo nake."

Kafaɗun tsohon suka fara girgiza. Birki ya zaci ciwon ne ya motsa, har ya yunƙura zai kira nas, sai ya ga ashe dariya ce. Yana yi yana dafe bandeji yana cewa wash.

"Ɗana, daga can zuwa inda nake, ko iska ta goya ƙwallonka yadda ka goyo ni, ba zai kai rabi ba. Wannan da ya kawo ka," ya nuna Dogo da haɓa, "shekara nawa ina ganinsa yana noma filin nan da sanda, shi ma bai taɓa kaiwa ba."

Ya ɗauki ƙwallon ya murje shi da gefen zanen gado. Laka ta zube. Babu harafi a jiki, sai jajayen ɗigo a jere.

"Ƙwallona ne. Bayan bishiya ya faɗa mini. Mai hankali sai ya fitar da shi gefe ya haƙura da bugu ɗaya. Ni kuwa na hango 'yar kafa tsakanin rassa, na ce zan bi ta nan. Ƙafa ta zame, na maka ƙwallon a gindin bishiyar. Da idona na gan shi yana dawowa kamar ya yi mantuwa."

Birki ya zauna daɓas a kan tayil. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin ta, ya kasa tsayar da ko ɗaya. Sai alhamdu lillahi yake ta maimaitawa. Ya ji yunwa ta taso masa, ya ji sanyin rigarsa, har ƙaiƙayin lakar da ke wuyansa ya ji, duk suka yi masa daɗi.

"Ni dama na faɗa," in ji Dogo, yana shigowa da fara'a. "Na ce wannan bugun ba na Birki ba ne. Mutumin da ko kaza..."

"Rufe mana ƙofa," in ji tsohon.

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya yafito Birki da yatsa, ya rage murya.

"Zan roƙe ka wata alfarma. Babban ɗana na hanya. Ya daɗe yana neman dalilin da zai kwashe sandunana ya kulle, wai na tsufa, wai in zauna a gida in riƙa kallon labarai. Tun da mahaifiyarsu ta rasu, filin nan ne kaɗai wurin da nake zuwa ba wanda ke riƙe mini hannu. In ya ji ni na sumar da kaina da kaina, shi ke nan, na yi ban kwana da shi. Amma in wani ɗan koyo ne ya yi kuskure, ai ba laifina ba ne."

"Baba, kana nufin..."

"Abin da ka shigo ka faɗa mini, shi za ka maimaita. Ni kuma in ce na yafe a gaban kowa. Magana ta mutu a nan."

Dogo yana ta girgiza kai a bayan gadon. Amma Birki a lokacin jinsa yake kamar an sauke masa dutse daga ƙirji, ko motarsa aka roƙa zai iya bayarwa. Ya dubi ido ɗayan nan da ke jiransa.

"Ba komai, Baba. In dai wannan ne."

"Madalla da ɗan albarka." Tsohon ya tura ƙwallon ƙarƙashin matashi, ya ja bargo har wuya.

Ba a ƙwanƙwasa ba aka turo ƙofar. Wani ƙato ne cikin baƙar kwat, kansa na neman taɓa saman ƙofa, waya a kunne, 'yan sanda biyu na biye da shi. Ya dubi bandejin da ke kan mahaifinsa, ya kashe wayar a hankali ya sa a aljihu. Sannan ya dubi mutanen nan biyu masu laka.

"Nas ta ce wannan ba faɗuwa ba ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Wa ya yi masa haka?"

Dogo ya juya yana karanta takardar da ke manne a bango. Birki ya waiga wajen gadon, yana jiran yafiyar da aka yi masa alkawari.

Tsohon ya riga ya rufe ido, har da ɗan minshari. Yatsa ɗaya ne kawai ya leƙo daga ƙarƙashin bargo, yana nuna Birki.