Kunnuwan Ɗan Tsibiri

Yaran yanzu ko jinin kaza suka gani sai su kau da kai. Mu da muka ga yaƙin mutanen tsibiri a ƙasarmu ta Joson, muka fito da ƙafafunmu, mu ne muka san abin da ake kira namiji. A ƙauyenmu na Solgol kuwa, in aka cire ni, ba a yi kamar Magoshici ba.

Shi ɗan tsibiri ne, da rundunarsu ya ƙetaro teku. Yunwa da bulalar shugabansa suka ishe shi, ya tsallako wajenmu da bindigarsa. Hukuma ta karɓe shi, yana koya wa sojojinmu haɗa albarushi, har ranar da bindiga ta fashe ta tafi da yatsunsa biyu. Sai aka karɓe makaminsa, aka yanka masa gona a Solgol, aka gindaya masa sharaɗi: ba zai fita daga gundumar ba, kuma ranar da ya ɗaga ƙarfe a kan ɗan ƙasa, shi da iyalinsa duka za a sare. Ya tara gashi ya ɗaure a tsakar ka irin namu. Ya auri Onnyon, 'yar tsoho Pyo, wadda yaƙin ya cinye mijinta na fari, suka haifi 'ya mace, Samwol.

Abu ɗaya ne a jikinsa ba irin namu ba, kunne. Mu tun muna goye ake huda mana shi, maza da mata, su kuwa ba sa yi. A shekarun nan duk bawan da ya kai wa hukuma kan ɗan tsibiri, 'yanta shi ake yi. Sai mugaye suka shiga sare kan 'yan'uwansu, su aske goshin yadda mutanen tsibiri ke aski. Da aka gano, mai duba kawuna na hukuma ya koma duba kunne. Kai mai kunne ba huda ya zama abin nema ido rufe, ga shi kuwa Magoshici yana yawo da irinsa a wuya.

Ana cikin girbin sha'ir, rana ta take, mutum uku suka gangaro daga dutse kowa da mashi a hannu. Na gaba Oksu ne, bawan wani attajiri da ya shiga sojan sa-kai. Kwando ne rataye a kafaɗarsa, cike da gishiri. Magoshici na ganin gishirin ya san kan wa za a cusa a ciki don kada ya ruɓe.

"Sannunku da aiki, manoma!" in ji Oksu. "An ce kuna kiwon kare ɗan tsibiri. Mun zo rage muku ciyarwa."

Maktong, maƙwabcin Magoshici, mutum mai bakin tsiya, ya miƙe yana share gumi. "Kare ɗaya muka gani yau, shi ma yanzu ya gangaro daga dutse."

Bai rufe baki ba mashi ya shige masa ƙasan haƙarƙari. Oksu ya taka ƙirjinsa ya zare, hanji ya biyo ƙarfen. Maktong ya yi ta shure-shure cikin sha'ir har ya daina. Mata suka sa kururuwa, maza suka sandare.

Oksu ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana murɗa kunnuwansu kamar mai tayin akuya. Da ya iso kan Magoshici ya shafa, ya sake shafawa, ya washe baki.

"Kai, sumul! Uwarka ta yi mini aiki mai kyau."

"Hukuma ce ta zaunar da ni a nan," in ji Magoshici da karyayyen harshensa.

"Hukuma kai take karɓa, ba ta tambayarsa inda ya kwana. Durƙusa."

Lauje na hannun Magoshici, kuma ya san inda zai sa shi a wuyan Oksu kafin sauran biyun su motsa. Ya dubi Onnyon a bakin gona, Samwol na goye a bayanta. Sara ɗaya, su ma sun tafi.

Tsoho Pyo ya matso. "Yaro, surukina ne. Ka ɗauki san nomana, ka bar shi."

"Tsoho, sa ba ya 'yanta bawa. Matsa, kada in haɗa da kai."

A nan ne Magoshici ya tuna abin da ya gani a sansani. Wani ya taɓa kawo kai ba kunnuwa, ya ce a faɗa suka guntule. Mai duba kawuna ya ce ƙarya ne, huda ya ɓoye, ɗan ƙasa ya kashe. Aka ɗaure mutumin aka yi ta dukansa har ya mutu.

Ya durƙusa kamar ya sallama. Ya kama kunnensa na hagu da sauran yatsunsa, ya ja lauje. Kunnen ya faɗi cikin ƙasa. Kafin Oksu ya gane me ke faruwa ya kama na dama. Wannan bai fita da ja ɗaya ba, sai da ya goga kamar mai yanka igiya. Jini ya wanke masa wuya da riga. Bai yi ko tari ba. Ya yi jifa da laujen can nesa, ya miƙa wuya.

"Sare," ya ce. "Kai musu. Su tambaye ka ina kunne."

Ɗaya daga cikin abokan Oksu ya sauke mashinsa. "Oksu, wannan kan ya lalace. In muka kai shi, mu za a kashe."

"Ɗan banza! Ka cuce ni!" Oksu ya kai wa Magoshici suka, mashin ya tsaga kafaɗa ya fita ta baya. Magoshici ya faɗi, hannuwansa a buɗe, ba komai a ciki.

Tsoho Pyo ya juyo ya dubi mutanen ƙauye. "Shi doka ta ɗaure wa hannu. Ku wa ya ɗaure naku?"

To, ranar aka ga Solgol. Laujen farko da ya shiga cikin Oksu nawa ne, duk wanda ya ce nasa ne ƙarya yake yi. Mata suka zo da taɓare, tsofaffi da sandunan sussuka. Ɗaya daga cikin abokan Oksu ya zubar da mashi ya ruga, aka cim masa a bakin rafi aka danna kansa cikin ruwa. Ɗayan a kan damin sha'ir aka farfasa shi. Kafin rana ta karkata an binne su ukun a ƙasan gonar Maktong, an ja garma a kai.

Magoshici bai mutu ba. Onnyon ta sa wuƙa a wuta har ta yi ja, maza suka danne shi, ta manna masa a gurbin kunnuwan. Sai a lokacin ya yi ihu, da yaren uwarsa.

"Yanzu ka ga damar kuka?" in ji ta, hawaye na zuba, tana naɗe masa kai da tsumma. "Baban Samwol, dā ma ba kyau gare ka ba. Yanzu kuma a kan me hularka za ta tsaya?"

"Me kika ce?"

"Na ce kwanta, mai kai kamar tulu!"