Minti Uku na Gadar Tasha

Su uku ne a gidan. Akwai Baba, direban bas mai lamba tara, shekararsa goma sha huɗu a kan sitiyari. Akwai Mama, mai ɗinki a ɗakin tsakiya. Sai 'yarsu guda ɗaya, mai shekara goma sha ɗaya, wadda Baba ke kira Uwata, fasinjoji kuma suke kira Kwandasta, domin kullum tana kujerar gaba har a kai ƙofar makarantarsu. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa 'yan mintoci ne, kuma rashinsu ya kusa raba Baba da aikinsa.

Ga yadda abin yake. Da birni ya faɗaɗa, aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa domin kwaso mutanen sababbin unguwanni. Jirgin safe yakan tsaya a babbar tasha da ƙarfe bakwai da minti goma. Bas ɗin Baba kuma, wanda ke bi ta kasuwa da makarantu har babban asibiti, an rubuta masa ya tashi bakwai da minti goma sha uku. Tsakanin jirgin da bas ɗin akwai gadar ƙafa, matakala arba'in da biyu a hawa, arba'in da biyu a sauka. Wanda bas ya bari sai ya jira rabin awa.

Samari kan tsallake gadar kafin ka ƙifta ido. Amma akwai mutum uku da minti ukun nan ba ya taɓa isarsu: Iya, tsohuwar da ke kai wa mijinta abinci asibiti a cikin kuloli biyu, wani malami mai dogara sanda, da wata mai goyo da ke jan ƙaramin yaro a hannu. Kwandasta ce ta fara lura da su. Wata safiya ta ce, "Baba, ga Iya can ta kusa saukowa," sai Baba ya ɗaga ƙafa daga totur. Tun daga ranar abin ya zama musu aiki: ita ta leƙa gada tana cewa saura uku, saura biyu, shi kuma ya jira.

Daga baya aka kafa wata na'ura kusa da sitiyari. Idan lokacin tashin bas ya yi fitilarta kan yi kore. Idan ya makara sai ta yi ja, ta kama ƙara, ta kuma aika labari ofis. Cikin wata guda Baba ya karɓi takardar gargaɗi biyu. Kowane direba ya san ta uku ita ce ke sauke mutum daga mota.

Ranar Litinin aka ce sufeto zai hau bas ɗin da kansa, tare da injiniyan da ya tsara jadawalin.

Da safe Mama tana gyara wa yarinyar wuyan riga, ta riƙe ta da hannu biyu.

"Saurara mini. Yau ki tsuke bakin nan naki. Kada ki dubi gadar, ko aljani ne ya hau ta."

"To Iya fa?"

"Iya tana da 'ya'yanta, ke kuma uba ɗaya gare ki. Kin ji ni ko ba ki ji ba?"

"Na ji, Mama."

Baba yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba. "Ƙyale mini uwata. Laifin ba nata ba ne, ƙafata ce a kan birki."

"To yau ka ɗauke ta daga kai," in ji Mama. "Ka yi mini alkawari."

Ya daɗe yana jan igiyar kafin ya ce, "Na yi."

Bakwai da minti biyar suka tarar da baƙin a tasha. Sufeto gajere ne, da allon rubutu a hammata. Injiniya kuwa dogo ne, matashi, da takalmin gudu a ƙafa da agogo mai faɗi a hannu. Ya gaida Baba da ladabi, har da ɗan rusunawa, suka zauna a kujerar da ke bayan ta Kwandasta.

"Baba direba," in ji Injiniya, "ba faɗa ya kawo ni ba. Idan ka makara a nan, bas na goma sha ɗaya yana bayanka, ba shi da wurin tsayawa. Shi ma ya makara, na bayansa ma haka. Kafin ƙarfe takwas layin duka ya cakuɗe."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe."

"Kuma minti ukun nan ba da ka na rubuta shi ba. Da ƙafata na auna gadar. Minti biyu da daƙiƙa goma. Har na yi muku gyara."

Kwandasta ta dubi takalminsa. Tambaya ta taso mata har maƙogwaro, ta tuna hannun Mama a wuyan rigarta, ta haɗiye.

Jirgi ya iso daidai lokacinsa. Tana jin ƙarar birkinsa, ta kafa ido a kan jakarta. Samari suka fara shigowa suna haki, sai 'yan mata masu kayan aiki, sai wani ma'aikacin kanti mai jar hula wanda kullum yake gunaguni. Ya hango sufeto, ya washe baki.

"A'a, yau manya ne a motar! To yau dai za mu ga ikon Allah, ko za a tashi a kan lokaci."

Agogon na'ura ya nuna bakwai da sha biyu. Kwandasta ta ce a ranta ba za ta duba ba. Amma madubin gefe yana daidai fuskarta, gadar kuma tana cikinsa gaba ɗaya. Mai goyo ta fara saukowa, yaron yana taka matakala ɗai-ɗai. Malam yana tsakiyar gada. Iya kuwa ko gama hawa ba ta yi ba, ta ajiye kulolin tana dafe da ƙarfe.

Sha uku ta cika. Fitila ta yi kore.

"Bismillah, direba," in ji sufeto.

Baba ya ɗora hannu a kan maɓallin ƙofa. Bai dubi gada ba, bai dubi 'yarsa ba. Ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Yau babu mai ce masa saura nawa, kuma ta san jiran muryarta yake yi, ko da ba ya so ya ji ta.

Ba ta ce saura uku ba. Juyawa ta yi ta fuskanci Injiniya.

"Yallaɓai, ranar da ka auna gadar, me ka riƙe a hannu?"

"Uwata!" in ji Baba.

Injiniya ya ɗan yi murmushi. "Agogo."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Wace rana ce?"

"Ranar hutu, da la'asar." Murmushin ya ragu. "Ba kowa a kanta."

Fitila ta koma ja. Na'ura ta kama ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, kowa a bas ɗin kuma ya san ma'anarta. Sufeto ya zare biro daga aljihu.

"Direba, ban so in rubuta. Rufe ƙofa mu tafi, in ce na'ura ce ta yi gaggawa."

"Malam, mu fa ba 'yan rakiya ba ne!" mai jar hula ya ɗaga murya. "Sau biyu maigidana yana mayar da ni gida saboda kai. Mu ba mutane ba ne?"

Wata daga baya ta ce, "Gaskiyarsa. Ni ma yara talatin ke jirana a aji."

"Haba baiwar Allah, tsohuwa ce fa," wani ya amsa mata.

"Uwarka ce?"

"Da uwarki ce fa?"

Cacar baki ta kaure. Kwandasta ta sunkuyar da kai. Mai jar hula bai yi ƙarya ba, mai aji ma ba ta yi ba, ita kuma ga shi ta karya maganar Mama tun ba a je ko'ina ba. Mai goyo ta shigo tana haki, ta ce, "Allah ya saka, direba." Saura biyu.

Baba ya sauke hannunsa daga maɓallin, ya ja birkin hannu. Ƙarar birkin ta fi ta na'ura.

"Rubuta, sufeto," ya ce a hankali. "Aikinka ne, ban riƙe ka ba. Na yi wa uwar yarinyar nan alkawari, ga shi zan koma in dubi idonta. Amma ba zan iya rufe ƙofa matar can tana kallona ba."

Sufeto ya girgiza kai, ya fara rubutu.

Sai Injiniya ya miƙe ya sauka daga bas ɗin. Kwandasta ta ɗauka waya zai buga ofis. Amma gada ya nufa. Ya wuce Malam a gindin matakala, ya haye da gudu, ya tarar da Iya a sama. Ta cikin gilashi Kwandasta ta ga ya miƙa hannu zai karɓi kulolin, Iya ta maƙe, sai da ya yi ta magana sannan ta sakar masa ɗaya. Ya danna agogonsa, ya jera da ita. Ba ya wuce ta ko da taku guda. In ta tsaya ya tsaya, in ta sauke ƙafa ya sauke.

Malam ya shigo, ya zauna, ya jingine sandarsa. Na'ura ba ta daina ƙara ba. Bas na goma sha ɗaya ya iso baya ya danna hon, ya sake dannawa, har direbansa ya leƙo yana ɗaga hannu. Kwandasta ta shiga ƙirga matakalan da suka rage a ranta. Goma sha biyu. Tara. Iya ta tsaya ta huta. Biyar.

Bakwai da minti goma sha bakwai Iya ta sa ƙafa a bas. Ta dubi Injiniya sama da ƙasa, ta karɓe kularta.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Amma ka karkata mini kula, rabin romon yana kan wandonka."

Wasu suka yi dariya, har da mai jar hula, ko da yake nan take ya ɗaure fuska. Baba ya rufe ƙofa ya ja mota.

A ƙofar makaranta, kafin Kwandasta ta sauka, ta ji Injiniya yana cewa, "Sufeto, ni na riƙe motar nan. Ka rubuta haka."

"Kafin ka sauka fitila ta riga ta yi ja, ranka ya daɗe. Na'ura ta aika, ofis ya gani. Abin da ya faru shi zan rubuta, naka da nasa duka."

Sufeto ya ciro takardar daga allonsa ya miƙa wa Baba. Baba ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce, "Sauka, Uwata, kada a rufe ƙofa." A ranar ko kalma ɗaya ta darasi ba ta shiga kanta ba.

Da yamma Mama ta karanta takardar a tsaye. An sauke shi daga mota, an mayar da shi wurin wankin motoci har sai an zauna a kan maganarsa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta koma kan keken ɗinki ta yi ta taka shi. Sai da aka zo cin abinci ta dubi 'yarta.

"Ke kika fara?"

"Tambaya kawai na yi, Mama."

"Tambaya kawai." Ta tura mata kwano. "Ke da ubanki, ban san wanda ya koya wa wani ba."

Mako uku Baba yana wankin motocin da ya saba tuƙawa, yana dawowa da yatsu a yamutse. Sabon direban lamba tara ba mugu ba ne, amma da fitila ta yi kore yake rufe ƙofa. Kullum Kwandasta tana ganin Iya a madubi tana ƙanƙancewa a kan gada, ba ta da wanda za ta ce wa saura ɗaya. Sai dai akwai abin da take gani kuma: Injiniya a gindin matakala da agogonsa, yau yana bin mai goyo, gobe yana bin Malam, jibi wani mai buhu a ka. Ranar ruwan sama ma ya zo.

Wata safiya ya hango ta ta taga, ya matso.

"Kwandasta, kin ja mini aiki. Na ƙara minti huɗu a nan, motoci goma sha ɗaya suka motsa. Har mai jar hularku sai da na samo masa wata motar da za ta riga wannan tashi."

"Babana fa?"

"Na faɗa musu abin da na gani. Sauran ba a hannuna yake ba."

Ranar Litinin ta huɗu aka kira Baba ofis tun da sassafe. Mama ta kasa zama, ta raka yarinyar tasha da kanta. Suka tarar ana liƙa sabon jadawali a allo. Lamba tara: bakwai da minti goma sha bakwai. Bas yana tsaye, ƙofa a buɗe, kujerar direba ba kowa. Jirgi ya iso. Samari suka sauko, mai goyo ta sauko, Malam ya sauko. Sai ga Baba ya fito daga ofis da sauri yana gyara hula, ya haye kujerarsa. Ba a cire takardar gargaɗin daga fayil ɗinsa ba, amma an mayar masa da makulli.

Mama ta sauke numfashi, ta juya ta kama hanyar gida tana goge ido da gefen mayafi.

"Saura nawa, Uwata?" in ji Baba.

"Saura ɗaya."

Iya ta shigo, ta zauna, ta daidaita kulolinta a cinya. Sannan fitila ta yi kore.

Kwandasta ta dubi allon da suke wucewa, cike da lambobi daga sama har ƙasa. Da can ta ɗauka haka lambobin suke tun asali, ba mai iya taɓa su. Yanzu ta gane cewa kowace lamba a jikinsa wani mutum ne ya auna ta da ƙafarsa, kuma idan da ƙafar mai sauri kaɗai aka auna, to marar sauri ne za a bari a baya.