Agwagwar Baba Ramiru

"Agwa... agwa..."

Tijjani ya ƙara sunkuyawa, kunnensa dab da bakin tsohon. Tun bayan azahar kalmar ke nan guda da take fitowa.

"Hajiya, kin ji me yake cewa?"

Mahaifiyarsa Ɗaso tana zaune a bakin gado da carbi. Shekararta hamsin a Makka, amma Hausarta ta Kano ba ta girgiza ba.

"Kai ba ka da kunne ne? Agwagwa yake so."

"Agwagwa kuma? Ina ya koyi Hausa?"

"Wata bakwai yana zama a ƙofar gida wajen masu tsire, ka ce bai tsinci komai ba? Kwaɗayin ajali ne, Tijjani. In mai tafiya ya roƙi abu, ba a tsayawa gardama."

Baba Ramiru maƙwabcinsu ne, ƙofa na kallon ƙofa, a wani tsohon bene a unguwar Mansur. Mutanen unguwa ne suka gyara sunan, ainihinsa Ramiro. Jinin Meziko ne, daga wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar Amurka inda ya daɗe yana shugabancin majalisar gari. Ya musulunta da furfura, ya biyo ɗansa Idris da ke karatu a nan. Da can yana haɗa 'yar Larabcinsa a gaisa, har ya yi wa Tijjani faɗa da hannu in ya ga famfon bene yana ɗiga. Da ciwo ya ci ƙarfinsa, asibiti suka ce a koma gida, sai Larabcin ya gudu, ya bar shi da harshen uwarsa.

Da safe Idris ya tafi Jidda ɗauko yayarsa daga filin jirgi. Ya riƙe hannun Tijjani a kan matakala ya ce, "Ya ammi, baffana, amana ce. Duk abin da ya nema, a yi masa."

Maganar nan ita ta tsaya wa Tijjani a ƙirji. Shi mutum ne da ko 'yarsa Rim ta yi minti goma ba ta dawo daga makaranta ba, sai ya leƙa taga sau biyar. Ya kira jawwal ɗin Idris sau shida, wayar a kashe. Ya dubi tsohon, leɓɓansa suna motsi, idanunsa suna kan silin.

"Je ka," in ji Ɗaso. "Matarka Khadijatu ta ɗora ruwan zafi, ko romo ne ya lasa."

Ya fita da gudu. Mai kaji na farko ya yi masa dariya.

"Batta, wai agwagwa? Ya Tijjani, kaza ta yi maka laifi ne?"

"Wallahi ba wasa nake ba, na marar lafiya ne."

"To sai kasuwar tsuntsaye. In ka yi sa'a."

Motoci sun cushe a hanya. La'asar ta same shi a can, ya yi sallar da bai san me ya karanta ba. Rumfa ta huɗu ya samu guda, fara, mai ɗingishi. Ya ce a yanka, mai rumfar ya ce mahaucin ya tafi, sai ya rungumo ta da rai a cikin kwali.

Tun daga ƙasan bene ya ga takalma sun taru a ƙofar. Ya hau a hankali, kwalin yana motsi a hammatarsa.

Idris yana zaune a ƙasa, yayarsa ta kifa kai a kan gadon, an ja mayafi har sama. Tijjani ya yi salati, ya durƙusa.

"Ka yafe mini, ya waladi, ɗana. Ba na nan ya cika. Na tafi nemo masa abin da ya roƙa ne."

"Me ya roƙa?"

Tijjani ya buɗe kwalin. Agwagwar ta miƙo wuya.

Idris ya dube ta, ya dube shi. "Me ya faɗa daidai, ya ammi? Faɗa mini yadda ka ji."

"Agwa. Agwa. Tun azahar."

Saurayin ya rufe fuska da hannu biyu. Sannan ya ce, "Moya, ruwan sha. A harshenmu, agwa ruwa ke nan."

Tijjani ya saki kwalin. Ruwa. A garin Zamzam, da jarka cike a bayan ƙofa, shi kuma yana yawo a kasuwa. Ya juya ga mahaifiyarsa.

"Hajiya, da ƙishirwa ya tafi?"

"Ni zan bar mai tafiya da busasshen baki?" Ɗaso ta nuna cokali da kofi a gefen gado. "Sau uku na ɗiga masa. Ya haɗiye na farko. Sauran ya kau da kai, yana ta faɗin abinsa, yana nuni da yatsa kamar mai faɗa da wani."

Idris ya share ido. "Akwai unguwar masu aikin gona a bayan garinmu, ba su da famfo. Shekara goma sha takwas yana miƙewa a majalisa a kansu, har ana kiransa da kalmar agwa. An ja bututu ya kai rabin unguwar. Ya sauka daga kujera sauran rabin ba su samu ba."

"To da su yake, ko da mu?" in ji Tijjani.

"Ban sani ba, ya ammi. Wallahi ban sani ba."

Bayan isha'i aka sallace shi a Harami, aka kai shi makwancinsa. Washegari Khadijatu ta tambaya ko a yanka abin nan da ke kuka a saman bene. Tijjani ya miƙe. Ya hau da baho, ya cika shi har baki. Agwagwar ta ɗingisa ta shiga, ta tsoma kai ta ɗago, ruwa yana gangarowa ta bayanta. Ya zauna a kan bulo, rana tana dukansa, yana kallonta.