Gwauron Mafara Ya Ɗora Tukunya

Surajo ɗan gidan mahauta ne a Talata Mafara, amma tun yana ƙarami aka gane wuƙar fawa ba ta karɓe shi ba. In aka kayar da sa, shi ne mai kau da kai. In aka ba shi tire ya zaga gari da nama, sai ya samu inuwa ya zauna, la'asar ya dawo ya ce mutane sun daina cin nama. Mahaifinsa Malam Bawa ya yi faɗa har ya gaji, ya sallama shi ga uwarsa Tabawa, wadda ke dafa abincin sayarwa a bakin tasha. A nan hannun Surajo ya samu abin da ya iya. Kafin gemu ya fito masa, farfesun kan sa da yake yi ya kai direbobin Sakkwato su tsaya ko da ba su da fasinjan saukewa.

Da ya mallaki babbar waya, sai ya ga ai bai kamata direbobi kaɗai su san shi ba. Ya jingina wayar da bulo a tsakar gida, ya sa farar riga, ya riƙa koyar da girki cikin natsuwa kamar mai karanta labarai a rediyo. Ya yi dambun nama, ya yi miyar yakuwa, ya yi fankasau. Masu kallonsa ba su wuce 'yan gidansu ba, su ma tsare su yake yi a ƙofa sai sun danna.

Wata rana yana cikin bayanin yadda ake soya albasa, akuyar maƙwabta ta shigo ta cusa kai cikin tasa. Ya zabura zai kore ta, rigarsa ta kama hannun tukunya, miya ta kife masa a ƙafa. Abin da ya fito daga bakinsa a lokacin ba ya maimaituwa gaban manya. Ya so ya goge bidiyon, sai ɗan kawunsa Yasir, mai shagon cajin waya, ya karɓa ya ɗora a intanet bai ko tambaye shi ba. Kafin kasuwar Talata ta sake ci, har a Kano yara na kwaikwayon tsallen Surajo.

Yasir ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Ya ce kowane gida akwai mai girki, don haka ba wanda zai ƙona data ya kalli ana yanka albasa. Abin da mutane ba su ƙoshi da shi ba shi ne ganin ƙato yana zubar da mutuncinsa. Nan take ya laƙaba masa suna Gwauron Mafara, ya kuma naɗa kansa manaja.

Daga nan aiki ya kankama. Gwauron Mafara ya zuba sukari a miyar kuka, ya dafa taliya da ganyen shayi, ya tuƙa tuwo da ƙotar fartanya yana rantsuwa cewa haka ake yi a ƙasashen waje. Mabiya suka yi ta ƙaruwa, masu talla suka biyo baya: mai turare, mai filotai, mai maganin ƙarin ƙiba da kuma mai maganin rage ta, duk ya rantse ya gwada ya ga aiki. Ya sayi baƙin tabarau wanda ba ya cirewa sai zai yi alwala. Malam Bawa, da a da yake cewa namiji da ludayi abin kunya ne, ya koma gaya wa mutane a kasuwar shanu cewa shi tun yaron na goye ya ga alama. Tabawa ce kaɗai ba ta dariya. Ta kulle tukwanenta a ɗaki ta ce ya je ya nemi nasa.

Abin da ke cin ran Surajo shi ne duniya ta yarda bai iya dafa ko ruwan zafi ba. Don haka da Alhaji Ɗan Asabe, wani dillalin albasa a Bakura, ya gayyace shi walimar buɗe sabon shagonsa, sai ya ƙudurta a ransa zai nuna musu ko shi wane ne. Bai gaya wa Yasir ba. Ya samu shinkafar Bakolori mai kyau, ya yi dafa-duka da naman rago, ƙamshi ya cika unguwa. Jama'a suka kewaye shi, wayoyi a sama, ana jira tukunya ta kife ko wuta ta kama masa wando. Ba abin da ya kife. Aka raba abinci, suka cinye har da suɗe hannu, suka watse suna tsaki.

Alhaji Ɗan Asabe ya ja shi gefe, fuska ba annuri.

"Surajo, in abinci nika so, gidana cike yake da masu dahuwa. Dariya na kira ka ka ba mutane, ka zo ka cika musu ciki. Wanga wane irin wulaƙanci ne?"

A intanet ma haka. Wani ya tambaya ko Gwauro ya yi aure ne a ɓoye, wata ta ce a yi masa addu'a, ya lalace. Mai turare ya daina ɗaukar waya.

Yasir ya ce gyara ɗaya ne, a yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba. Ya ɗauko hayar tukunyar da ake dafa abincin biki, ya zaɓi Dosara a ƙasar Maradun, don a cewarsa 'yan birni suna son ganin rumbu da jaki a bayan hoto. Labari ya riga su isa cewa wani mai kuɗi zai raba abinci. Shekarar kuwa ba ta yi wa mutanen wurin daɗi ba, da yawa ba su samu noma gonakinsu na nesa ba. Mata suka fito da kwanoni da robobi. Yasir bai gyara musu zance ba, tunda taro na ƙawata bidiyo.

Surajo ya ɗora shinkafa. Hannu ya saba, bai ankara ba sai ga ta ta yi kyau, wara-wara, ta ji mai. Ya dubi kwanonin da ke gabansa. Yasir na kan mota da waya yana yi masa alama. Surajo ya tuna tsakin Bakura, ya ɗauki ledar garin sabulun da Yasir ya tanada ya zazzage duka a ciki, ya juya. Kumfa ta taso har ta zubo kan murhu.

Ba wanda ya yi dariya. Wata dattijuwa mai suna Taibatu, wadda ke sahun gaba, ta matso ta leƙa tukunyar.

"Ɗana, wanga da ka zuba, mi ne?"

Da ya yi shiru da ya tsira. Amma waya na kallonsa, sai ya maƙale murya irin ta wasa ya ce, "Sabon kayan ƙamshi ne, Inna, daga Dubai aka kawo."

Taibatu ta aje kwanonta a hankali, ta zare muciya daga hannunsa. Dukan farko a kafaɗa ya sauka. Sauran matan suka rufa mata baya da itacen wuta da takalma. Surajo ya ranta a na kare, tabarau ya yi nasa wuri, ya tsallake shinge, bai tsallake kwatar da ke bayansa ba. Yasir bai sauko daga mota ba, bai kuma kashe waya ba.

Surajo ya kwanta jinya a gida, kunya ta fi ciwon yawa. Fuskokin matan nan suka riƙa dawo masa, ya rantse wa Tabawa ya bar wannan sana'a. Sai ga Yasir da waya. Bidiyon ya wuce duk abin da suka taɓa yi. 'Yan birni sun yi ta Allah wadai da almubazzaranci, kowa ya gama wa'azinsa sai ya tura wa abokansa su gani. Mai turare ya kira yana tambayar jiki. Rantsuwar Surajo ba ta kai warkewar kafaɗarsa ba.

Tun daga nan kowane bidiyo da kora yake ƙarewa. Da farko samarin unguwa aka ɗauko, amma masu kallo suka gane dukan wasa ne, suka fara ƙorafi. Dole Yasir ya koma Dosara ya yi sallama a ƙofar Taibatu, aka yi doguwar gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce ta yarda, da sharaɗin a riƙa ɗora tukunya biyu, wadda ba a ɓata ba ta tafi da ita gida. Ta kuma gaya masa tun wuri cewa ita ba ta iya dukan ƙarya ba.

Ba ta kuwa koya ba har yau. Ranar ɗaukar bidiyo ana aika mata mota, ta zo da muciyarta ta gida. Surajo kan sa riga biyu, ya roƙe ta ta sassauta, ta ce to, ɗana, in sha Allahu. Kwanan baya wani mai haɗa man zafi ya ba shi talla, kuma a duk kayan da Gwauron Mafara ya taɓa tallatawa, wannan man kaɗai ne yake amfani da shi da gaske.