Mai Kai Takwas

Shekara ashirin Tasi'u ya yi yana sassaƙa hatimi a rumfarsa ta bakin kasuwar Tudun Wada. Da reza da guntun roba yake aiki, yana yanka haruffa a juye, sai an danna a takarda su miƙe. Bai taɓa sassaƙa mutum ba sai ranar da Malama Zulaihat, mai koyar da zane a wata sakandare a Kiru, ta zo masa da wata takarda.

Hoton namiji ne a tsaye, layuka sun ratsa jikinsa. Ta ce wani Bature ne ya sassaƙa shi a farantin tagulla shekara ɗari biyar da suka wuce, aka shafa tawada aka buga.

"A lissafinsu, cikakken mutum tsayinsa ya ninka tsawon kansa sau takwas," in ji ta. "Irinsa nake so a faffaɗar roba, ɗalibaina su gwada bugawa."

"Malama, su wa ya auna?"

"Wallahi ban sani ba, Malam Tasi'u."

Ranar kasuwa ya ɗauki igiya ya bi mutane yana aunawa. Inuwa mai masara ya fito kai shida da rabi, har Inuwan ya ji haushi. A kara, wajen masu shanu, ya tarar da Hamma Ladan, makiyayi daga Doguwa, wanda ya kere kowa tsayi. Hamma ya cire malafarsa yana dariya, ya tsaya ƙiƙam. Bakwai ne da 'yar ɗoriya.

Hamman ne Tasi'u ya sassaƙa, da sandarsa a wuya da kafaɗarsa ɗaya da ta ɗan rankwafa. Robar farko ta lalace, don ya manta bai juya hoton ba, tabon da ke kuncin Hamma na hagu ya koma dama. Ta biyu ta ci kwana huɗu.

Da Malama ta dawo, ta shafa tawada ta danna, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai bai kai takwas ba."

"Na nema ban samu ba, Malama. Wanda na gani na yi."

Ta naɗe robar a jarida, ta ce shi ɗin za ta kai aji.

Kasuwa ta zagayo, Tasi'u ya miƙa wa Hamma nasa bugun. Hamma ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ƙafafun dai nasa ne, amma hancin na yayansa ne. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tafi neman gishirin shanu.