Gemun Ilkka Purola

Ilkka Purola na tsaye a layin kofi da tire a hannu lokacin da koci Pentti ya taɓa shi a gwiwar hannu, ya ja shi gefe, wajen da ake jera man inji. Bas ɗin ƙungiyar ta tsaya ne a wani gidan mai a rabin hanya, 'yan wasa sun cika tebura suna shan romon kifi da baƙin burodi.

"Yau ba ka cikin masu shiga," in ji Pentti, idonsa a kan galan-galan ɗin. "Roope zai tsare baya a madadinka. Ka san ƙafarsa ta fi taka sauri."

"To Laraba fa, in mun ci yau?"

"Mu ga yau ɗin tukuna."

Ilkka ya daɗe a wasan hoki na kan ƙanƙara, ya san abin da koci ke nufi in ya ce tukuna. Tun yana saurayi yake yawo a rukuni na biyu, daga wannan gari zuwa wancan, har Denmark da Faransa ya je ya dawo Finland. Babban rukuni bai taɓa kiransa ba. Abin da wasan ya bar masa shi ne giɓin haƙoran gaba, da gwiwa mai ciwo, da ɗakin haya da ba komai a ciki sai gado da jakar kaya. Matarsa Henna ta gaji da ɗaure kwalaye duk shekara, ta koma Oulu wurin iyayenta. Waɗannan ƙartin da ke shan romo su kaɗai suka rage masa, ko da yake bai taɓa faɗa musu ba.

Ya kai hannu ya shafa gemunsa. Tun ranar da aka shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale ba wanda ya taɓa reza, haka ake yi, sai an fitar da ƙungiya ake aski. Bara wani mai tsaron raga ya ɗan rage gashin baki saboda bikin ƙanwarsa, aka ci su a ranar. Da shi da kayansa aka jefa cikin dusar ƙanƙara, kuma har aka watse ana zaginsa. Ilkka ne ma ya riƙe masa ƙafafu. Gemun kowa na ƙungiya ne, kuma nasa ya fi na kowa cika, da furfura a gefe guda.

Ya ajiye tiren, ya sayi reza da ƙaramin almakashi a kantin gidan man, ya shiga banɗaki.

Bai tsaya tunani ba. Haushi ne a farko, amma da gashin ya fara taruwa a kwamin wanke hannu sai ya gane abin da yake nema. So yake su taso masa. So yake kyaftin Lassi ya shaƙe masa wuya ya ce ya jawo musu tsiya, a ɗauke shi cak a jefa a waje. Wanda ake jin tsoron askinsa, ai har yanzu ana lissafi da shi. Ya yanke kansa a haɓa, ya danne da takarda. Fatar ta fito fari fat, sanyi na shigarta.

Ya bari sai da kowa ya zauna sannan ya hau bas. Kujerarsa tana can ƙarshe, inda tsofaffin 'yan wasa ke zama, ya bi tsakiyar motar a hankali, haɓa a sama.

"Tsoho, ɗaga ƙafa mana, ka tare hanya," wani ya faɗa daga bayansa.

Lassi na karta da mutum biyu a kan jakar sandunan hoki. Ya ɗago ya dubi Ilkka.

"Kakanmu, miƙo min gorar ruwan can. An ce yau hutu kake, ko? Ka more, gwiwar nan taka ta fi kakata tsufa."

Aka yi dariya. Ilkka ya miƙa gorar, ya tsaya yana jira. Lassi ya koma kan kartarsa.

Wasan a cikin 'yan kallo ya gan shi, sanye da rigar sanyin ƙungiya, tsakanin wata tsohuwa mai ƙararrawar shanu da wani mutum da ke ta cin tsiran alade da mustad. Ya kama kansa yana fatan a ci su, don a nemi mai laifi. Kunya ta rufe shi, duk da haka bai daina fatan ba. Roope ya yi wasa mai kyau. Ana dab da tashi Lassi ya zura ta ƙarshe, suka yi nasara.

Ɗakin canza kaya ya kaure da ihu da warin gumi. Lassi na bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana jan gemunsu, kamar yadda yake yi duk ranar da aka ci.

"Wanda ya kusanci reza kafin Laraba, ni da shi ne!"

Ilkka ya tsaya a bakin ƙofa, inda ba yadda za a yi a wuce shi. Lassi ya ja 'yan gashin haɓar Roope, ya juyo, suka yi ido huɗu da Ilkka. Lassi ya laluba cikin jakarsa, ya ciro waya.

"Yauwa, Tsoho, kai ne hannunka a bushe. Ɗauke mu hoto."

Suka taru a gaban benci, wasu a tsugune, kowa ya turo gemu gaba. Ilkka ya ja da baya har ya jingina da bango, ya ɗaga wayar. Ya duba wurin da ya saba tsayawa, gefen hagun Lassi. Sun matse, ba gurbin kowa.

"Mun fito duka?" in ji Lassi.

"Duka," in ji Ilkka, ya danna.