Baƙar Ƙwallo a Bakin Rami

Teburin sinukar da ke rumfar Ogweno, a bayan tashar babura ta garin Ahero, ba nasa ba ne. Na Madam Akumu ne, wata mata da ke da irinsa da yawa warwatse a garuruwa. Duk ƙarshen mako takan zo da makulli ta buɗe cikin teburin, su raba abin da ya taru. Ta sha gaya masa cewa ranar da ta ga cikin ya rame, a motarta teburin zai kwana.

Teburin kuwa bai san awa ba, wasa ya sani. Ka jefa masa kwandalar sule ashirin, ya yi gurnani ya amayo ƙwallaye, ba zai ƙara neman komai ba sai baƙar ƙwallo ta faɗa rami. Dokar rumfar ita ce wanda aka ci ya jefa kwandalar wasa na gaba ya koma gefe, wanda ya ci ya ci gaba da riƙe sanda. Masu jira sukan jera marafan kwalba a gefen tebur, kowa ya san nasa. Kuma ba a taɓa tebur ana cikin wasa, ko da gobara ce.

Ana nan sai wata safiya tsofaffi biyu suka kama sanda, Odundo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da Miruka mai gyaran agogo, dukansu mashahurai wajen maƙo. Wasa ya yi nisa, kowa saura masa ƙwallo ɗaya, sai baƙar ta gangara ta tsaya daidai bakin rami, tana leƙawa kamar akuya a bakin rijiya. Ƙwallayensu biyu na manne da ita. Duk wanda ya tura ta kafin lokacinta an ci shi, kuma sule ashirin ta tafi.

Daga nan wasa ya koma lallashi. Odundo zai shafa wa sanda alli har hannunsa ya yi shuɗi, ya sunkuya, ya miƙe ya ce iska ta motsa, ya nemi shayi. In ya buga, farar ƙwallon ta matsa kamar faɗin ƙwayar masara, can nesa da rami. Miruka ya ce masa da haka yake tuƙa jirgi, da har yau fasinjojinsa ba su bar tasha ba. Odundo ya ce ai shi bai taɓa ganin agogon da ya fito hannun Miruka yana tafiya ba. Da rana ta faɗi suka zana wurin kowace ƙwallo da alli, suka lulluɓe tebur da zane, kowa ya gargaɗi ɗan'uwansa kan maita.

Kashegari haka, jibi haka. Marafan kwalba suka zagaye tebur har suka hau kan juna. 'Yan babur suka daina ɗaukar fasinja, suka zo kallon abin da ba ya motsi. Wani gizo-gizo ma ya yi saƙa daga baƙar ƙwallon zuwa bakin ramin, mutane suka ce shi ne alƙali.

Ogweno ya roƙe su su ƙarasa wasan. Ya ce zai biya wa wanda aka ci daga aljihunsa. Miruka ya dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana, kana nufin ni ne za a ci?"

"A'a, Baba."

"To shi kake nufi? Odundo, ka ji yaron nan yana zaginka."

Ogweno ya ba su haƙuri, har da kifi soyayye.

Ranar da Madam za ta zo, ya jijjiga aljihun tebur da kunnensa a jiki, ya ji kwandala ɗaya tana kuka ita kaɗai. Sai idonsa ya faɗa kan ƙafar tebur ta kusa da ramin, inda aka cusa naɗaɗɗen kwali saboda daɓen rumfar ya karkace. Ya yar da hularsa da gangan, ya durƙusa kamar zai ɗauka, ya zare kwalin.

Tebur ya ɗan rusuna. Baƙar ƙwallo ta yi tunani kaɗan, ta tsinke saƙar gizo, ta faɗa.

Kowa ya juyo. Aka dubi Odundo, hannunsa na riƙe da kofin shayi. Aka dubi Miruka, yana gyangyaɗi. Aka dubi ƙasa, ga Ogweno da kwali a hannu.

Ba a daɗe ana shari'a ba. Wanda ya jefa baƙa kafin lokacinta shi aka ci, saboda haka an ci Ogweno. Wanda aka ci shi ke biya ya koma gefe. Waɗanda ba a ci ba kuwa su biyu ne, don haka tebur nasu ne.

"Jefa, ɗana," in ji Odundo. "Ka yi ƙoƙari, sai dai ba ka da haƙuri."

Ya jefa. Tebur ya yi gurnani, tsofaffi suka shiga shafa alli.

Suna tsakiyar wasa Madam Akumu ta iso da a-kori-kura. Ta buɗe cikin tebur, ta leƙa, ta rufe, ta ce wa masu dako su ɗauka. Jama'a suka ce ba a taɓa tebur ana wasa. Ta ce ita ba ta hana kowa wasa ba, a ci gaba a mota.

Haka aka yi. Aka ɗaga tebur a hankali, tsofaffin suka hau baya, kowa ya danne ƙwallayensa da yatsu, Miruka har da haɓa. Masu marafan kwalba suka tayar da babura suka bi motar a jere, kada layinsu ya wuce su.

Ogweno ya tsaya a tsakiyar rumfa yana duban sawun ƙafafu huɗu a daɓe. Can sai ga wani ɗan babur ya dawo da gudu. Ya ce dattawa sun aiko shi, wai motar na karkata hagu, a taimaka musu da kwalin nan.